Konsatina a kiɗan gargajiya: tambayoyi da amsoshi kan kaɗawa, saye da sauraro

Mece ce konsatina, kuma me ya raba ta da akodiyon?

Konsatina ƙaramin abin kiɗa ne da ake riƙewa tsakanin tafukan hannu biyu. Fuskoki biyu gare ta, galibi masu kusurwa shida, faɗin kowace kamar inci shida da kwata, wato wajen santimita 16. Tsakaninsu akwai zugazugi mai ninki-ninki da aka yi da kwali da fata. Aikinsa ɗaya ne da na zugazugin maƙeri, a ja ya sha iska, a matsa ya fitar. Iskar tana bi ta kan wasu siraran harsunan ƙarfe da ke ciki, su kaɗu, su ba da sauti. Madannin da ka danna shi ke buɗe wa iska ƙofar harshen da kake so.

Akodiyon rataya shi ake yi a kafaɗa, kuma a hannun hagunsa akwai madannan da kowane ɗaya ke fitar da sauti uku a haɗe. Konsatina ba ta da wannan. Kowane madanni sauti ɗaya ne, in kana son haɗi sai ka haɗa da yatsunka. Sannan akodiyon yakan kaɗa harshe biyu ko uku kan sauti guda, shi ya sa muryarsa ke da kauri da rawa-rawa, ita kuwa konsatinar Ingila harshe ɗaya take kaɗawa, muryarta siririya ce mai tsini. Wanda I.K. Dairo ya shigar cikin kiɗan juju akodiyon ne, ba konsatina ba.

Daga ina ta fito?

Daga wuri biyu, kusan lokaci guda. A Landan, Charles Wheatstone, masanin kimiyyar nan da ya yi suna a aikin wayar tangaraho, ya yi rajistar wani abin busa mai harsunan ƙarfe a 1829, daga shi konsatinarsa ta fito, ya kuma yi rajistar cikakken tsarinta a 1844. A garin Chemnitz na Jamus, Carl Friedrich Uhlig ya fito da tasa a 1834, mai kusurwa huɗu. Ta Wheatstone kayan masu hali ce, a falo ake kaɗa ta da kiɗan da aka rubuta wa goge na Turawa. Ta Jamus kuwa mai araha ce, ita ta shiga hannun manoma da leburori da ma'aikatan jirgin ruwa. Daga wajen shekarun 1850 maƙeran Landan irin su George Jones suka ɗauki tsarin madannan Jamus suka zuba shi a jikin aikin Ingila mai inganci. Abin da ya fito shi ake kira Anglo, kuma shi ne jigon kiɗan gargajiya har yau.

An ce iri-iri ce. Ina bambancin yake?

Nan ne tambayar da ya kamata mutum ya warware kafin ya fitar da ko kwabo, domin wanda ya iya iri ɗaya ba zai ɗauki ɗayan ya kaɗa ba. A ido kama suke, a ƙarƙashin yatsa ba su haɗa hanya ba.

Anglo: kowane madanni sauti biyu gare shi, ɗaya in ka matsa zugazugi, wani in ka ja, kamar yadda hamonika take da busawa da zuƙa. Sautukan ƙasa suna hagu, na sama suna dama. Hannu yana shiga cikin maɗaurin fata, ana kaɗawa da yatsu huɗu na kowane hannu. Juyin da zugazugi ke yawan yi shi ke ba kiɗanta tsalle, abin da masu rawa ke so.

Samfurin Ingila: sauti ɗaya ne ko an ja ko an matsa. Wadda aka fi sani tana da madanni 48, tana farawa daga sautin G (da haruffan A zuwa G ake kiran sautuka) da gogen Turawa ke farawa, kuma ba sautin da ta rasa a tsakani. Jerin sautuka yana tsallakawa ne daga hannu zuwa hannu, wannan a hagu, na biye a dama. Babban yatsa ke shiga ƙaramin maɗauri, ƙaramin yatsa ya dogara kan wani ɗan ƙarfe. Tana da gudu da santsi, ta dace da mai karanta rubutaccen kiɗa da mai raka waƙa.

Duwet: ita ma sauti ɗaya ne ta kowane ɓangare, amma sautukan ƙasa na hagu, na sama na dama, don hannu ɗaya ya yi rakiya ɗaya ya ɗauki kiɗan. Ita kanta ta rabu: akwai Maccann na 1884, akwai Crane wadda ƙungiyar Kirista ta Salvation Army ta yi amfani da ita, akwai Hayden ta zamaninmu. Masu koyar da ita ba su da yawa.

Akwai kuma manyan 'yan uwansu na ɓangaren Jamus, Chemnitzer da ake kiɗan polka da ita a Amurka, da bandoniyon na kiɗan tango a Ajantina. Waɗannan wata duniya ce daban.

To wacce zan zaɓa?

Kiɗan da kake so shi zai zaɓa maka. In na ƙasar Ailan ne, Anglo mai madanni 30 a C/G, ba wani dogon tunani, domin kusan dukkan malamai da darussa a kanta suke. In kiɗan rawar ƙauyukan Ingila ne, inda hannun dama ke ɗaukar kiɗa hagu na rakiya, Anglo a G/D ta fi zama daidai, ko da yake da yawa suna yi da C/G. In kiɗan arewacin Ingila ne ko Sikotlan, ko raka waƙa a kowane gidan sauti, wato jerin sautukan da ake gina kiɗa a kansa, samfurin Ingila ba ya ba da kunya.

Me ake nufi da C/G, kuma madanni 20 ba su isa ba?

Anglo mai madanni 20 tana da layi biyu a kowace fuska, biyar-biyar. Layin da ke nesa da tafin hannu a gidan C yake (shi ne layin tsakiya a mai madanni 30), layin da ke kusa da tafin hannu a gidan G. Mai madanni 30 tana da layi na uku a waje, wanda ke ɗauke da sautukan da biyun suka rasa, da kuma wasu da aka maimaita ta ɓangaren da aka juya.

Mai 20 ta isa waƙoƙi masu yawa, kuma tsofaffin makaɗan ƙauye da ita suka raya gidajen rawa. Matsalarta ɗaya ce amma babba: ba ta da C#. Kiɗan Ailan kuwa da yawansa a gidan D yake, kuma gidan D ba ya cika sai da C#. Wanda ya sayi mai 20 da niyyar zama cikin makaɗan Ailan zai sake saye kafin shekara ta zagayo.

Na ga ana rubuta "tsarin Wheatstone" da "tsarin Jeffries". Yana da muhimmanci?

Bambancin yana layi na uku ne, musamman a hannun dama. A tsarin Wheatstone, wanda kamfanin Lachenal ma ya bi, madannin farko yana ba da C# a matsi, D# a ja. A na Jeffries, madannin farko yana ba da C# a ja, na biyu ya ba da shi a matsi, ke nan kana da shi ta kowane ɓangare. Makaɗan Ailan da yawa saboda haka suke son Jeffries. Ga mai farawa ba abin tada hankali ba ne, ka dai san wanda ke hannunka don ka iya bin darasin da ya dace. Canzawa daga baya aikin 'yan makonni ne.

Me ya sa wata take da araha, wata kuma kuɗinta ya kai na mota?

Harsuna da injin madannai. Kasuwar ta kasu uku.

Na ƙasa su ne na koyo, galibi ƙirar Sin ko Italiya, da harsunan akodiyon a ciki. Sabuwa takan kama daga fam ɗin Ingila ɗari uku zuwa ɗari shida. Rochelle da Jackie na kamfanin Concertina Connection da Wren na McNeela suna cikin waɗanda aka fi sani. Sun fi girma da nauyi, zugazuginsu na da tauri da farko, amma ana koyo da su. A guji waɗanda ba su da suna, masu jan fenti mai ƙyalli, waɗanda ake sayarwa kamar abin wasan yara: madannansu suna maƙalewa, iska na zuba, mai koyo ya ɗauka laifinsa ne.

Na tsakiya su ne masu jikin gargajiya da injin kirki, amma har yanzu harsunan na akodiyon ne, biyu-biyu a kan farantin alminiyon, an manne da kakin zuma ko an ɗaure da sukuru. Suna da sauri da rashin nauyi. Kuɗinsu yakan faɗa tsakanin fam dubu ɗaya da rabi zuwa dubu uku.

Na sama su ne masu harsunan konsatina na asali. Kowane harshe yana da gidansa na tagulla, an zura shi cikin gurbin da aka sassaƙa masa a faifan katako, kuma da hannu ake gyara kowane ɗaya. Anglo mai madanni 30 tana da harshe 60, samfurin Ingila mai 48 tana da 96, sai ka lissafa aikin. Sababbi daga maƙera irin su Dipper a Ingila, Suttner a Jamus da Carroll a Amurka suna cin dubban fam, kuma akan yi shekaru ana jiran layi. Farashin nan duka yana motsi, a ɗauke shi a matsayin ma'auni kawai.

Tsohuwa fa? An ce na da sun fi.

Wasu sun fi, wasu kuwa tsufa kawai suka yi. Sunayen da za ka ci karo da su su ne Wheatstone, Lachenal, Jeffries, Crabb da Jones. Louis Lachenal ɗan Suwizalan ne da ya yi wa Wheatstone aiki kafin ya buɗe nasa, kuma kamfaninsa ya ƙera mafi yawa har ya rufe a shekarun 1930. Saboda haka yawancin tsofaffin da ke kasuwa nasa ne, daga masu arahar gaske, masu fuskar mahogani da madannan ƙashi da harsunan tagulla, zuwa masu daraja. Jeffries mai fuskar ƙarfe ita ce abin nema a Ailan saboda ƙarfin muryarta da saurin amsawa, kuma mai kyau takan wuce fam dubu biyar.

Harshen tagulla yana da taushin murya amma ba ya da ƙarfi, yana jinkirin amsawa, kuma ya fi saurin karyewa. Harshen baƙin ƙarfe ya fi ƙara da sauri, abokin gabansa tsatsa ne. Ga kiɗan rawa, baƙin ƙarfe.

Abu guda da ke kama mutane: da yawa cikin tsofaffin an saita su a tsohon ma'auni, inda sautin A ke kaɗuwa wajen sau 452 a daƙiƙa, alhali yau 440 ake amfani da shi. Ita kaɗai za ta yi daɗi, amma ba za ta zauna da sauran kayan kiɗa ba sai an bi harsunan ɗaya bayan ɗaya da magagari. Ka tambaya kafin ka biya.

Me zan duba idan tana hannuna?

Fara da iska. Riƙe fuska ɗaya, ka bar ɗayar ta rataya ba tare da ka danna komai ba. Mai lafiya a hankali take buɗewa, da kyar. In ta zube cikin 'yan daƙiƙoƙi, akwai yoyo, ko a kusurwoyin zugazugi ko a matosan da ke rufe ƙofofin iska a ƙarƙashin madannai. Kusanto da ita fuskarka ka matsa a hankali, za ka ji inda iskar ke fita a kumatunka.

Sannan ka bi kowane madanni, a ja da matsi, da iska kaɗan-kaɗan. Harshen kirki yana magana da ɗan numfashi, wanda sai an tilasta shi ba zai bi ka a kiɗa mai sauri ba. Saurari ko akwai mai zuzu, ko mai shiru, ko wanda ya fi maƙwabtansa ƙara. Dubi madannan ta gefe, su kasance tsayi ɗaya, kuma su dawo da kansu nan take.

In mai ita ya yarda a buɗe, duba tsatsa a harsuna. Ɗan ja-ja a sama ana iya gogewa, wadda ta ci rami ta gama da harshen. Duba ko faifan harsunan ya bauɗe ko ya tsage, ko akwai ƙananan ramukan ƙwaron katako, ko asu ya cinye ulun da ke jikin matosai. Shaƙi cikin zugazugin: warin funfuna yana nufin ta kwana a danshi. Kada ka firgita in ka ga ƙananan harsuna na can sama ba su da marfin fatar nan da ke hana iska bi ta harshen da ba ya aiki, haka ake ƙera su.

Matosai da marafan fata da sifirin duk kayan canzawa ne, ba su hana ciniki, sai dai a rage kuɗi. Sabon zugazugi yana da tsada amma ana yi. Harsunan da aka lalata da mummunan gyara, su ne ba su da magani mai sauƙi. Anglo tana son zugazugi mai ninki shida ko bakwai, mai biyar zai sa ka riƙa ƙarewar iska.

Idan ta intanet zan saya?

Nemi bidiyon da ake danna kowane madanni ta ɓangare biyu, da hotunan ciki na fuskokin biyu, da lambar ƙira. Ka ce a ɗauki hoto ɗaya da takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar a gefenta, domin 'yan damfara hotunan tallan wasu suke kwafa. Tambarin suna ma ba hujja ba ne, an sha buga sunan Jeffries a jikin wadda ba tasa ba. Littattafan cinikin kamfanin Wheatstone suna gidan tarihi na Horniman a Landan, an kuma sa su a intanet, sai ka duba lambar ka ga ko ta dace da abin da ake faɗa. Dillalin da ya san sana'ar, wanda ke ba da damar mayarwa, ya fi gwanjo tsada, amma ga wanda ba shi da mai gyara kusa da shi, wannan ƙarin kuɗin shi ne mafi araha. A lissafa kuɗin jigila da na kwastan tun farko. In madannan na hauren giwa ne, fitar da ita daga ƙasa yana buƙatar takardu.

Yaya ake riƙe Anglo, kuma da me zan fara?

Zauna a kujera marar hannu. Ɗora fuska ɗaya, galibi ta hagu, a kan cinyarka, ɗayar ita ke motsi. Katakon ne zai taɓa cinya, kada zugazugin ya riƙa gogar wando, kusurwoyinsa ne za su huje. Maɗaurin ya kama bayan hannu yadda ba zai yi lilo ba, amma ya bar yatsu su kai layi na uku. Manyan yatsu suna waje, na dama yana kan madannin iska.

Fara da layin tsakiya. A hagu, madanni na uku: matsa C, ja D. Na huɗu: matsa E, ja F. Na biyar: matsa G, ja A. Sai ka tsallaka dama, madanni na farko: ja B, matsa C. Lura da wurin nan, A da B duka a ja suke, tsarin ya juye. Nan kowa ke tuntuɓe a makon farko. Maimaita shi sama da ƙasa har yatsu su daina tambaya, sannan ka yi haka a layin G.

Minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar Asabar. Ƙarfin sauti daga zugazugi yake zuwa, danna madanni da ƙarfi ba ya ƙara komai sai ciwon wuyan hannu.

Kullum iska na ƙare mini a tsakiyar kiɗa. Me nake yi ba daidai ba?

Ko dai kana buɗe zugazugin da yawa, ko kana jira sai ya ƙure kafin ka nemi iska. Ƙwararru a tsakiya suke wasa, buɗewar ba ta wuce rabi. Madannin iska ba don tsayawa aka yi shi ba. Ana taɓa shi kaɗan yayin da sauti ke fita, a gajeren sautin da ke tafiya ta ɓangaren da kake buƙata. In kiɗan ya yi ta ja har hannu ya miƙe, sai ka jira sautin matsi na gaba ka ɗan buɗe madannin iska a kansa, zugazugin ya rufu da sauri ba tare da kowa ya ji ba. Da farko sautin zai yi rauni duk lokacin da ka taɓa, sai ka ƙara matsi daidai lokacin. Hanya ta biyu ita ce neman sautin a wani layi: G da A, misali, suna nan a layi na uku ta ɓangaren da aka juya.

Kada ka taɓa ja ko matsa zugazugi da ƙarfi ba tare da ka danna wani abu ba. Haka ake fasa shi, kuma wannan ne abu na farko da yaro ko baƙo zai yi in ka miƙa masa.

Yaya makaɗan Ailan ke kaɗa gidan D a konsatinar C/G?

Ta hanyar tsallaka layuka. Tsofaffi kan layi ɗaya suke tafiya, sama da ƙasa, zugazugi na juyawa kusan kowane sauti. A tsakiyar ƙarni na 20 makaɗa irin su Paddy Murphy na gundumar Clare suka fara ɗauko sautuka daga layuka uku don su bi goge da sarewa a gidajen D da G da A. Noel Hill ya tsara wannan hanya ya koyar da ita ga ɗaruruwa. Dabarar ita ce a bar yawancin aikin ga yatsu biyu na farko na kowane hannu, kuma kada yatsa ɗaya ya yi tsalle daga madanni zuwa madanni a jere, domin nan kiɗa ke yankewa.

Ado yana zuwa daga baya: ɗan gajeren sauti da ake sakawa kafin babban, ko sauti uku a gurbin biyu, ko kaɗa sauti tare da takwaransa na ƙasa a ɗaya hannun. Mai koyon da ya tara ado kafin ƙafarsa ta iya riƙe bugun kiɗa ya sa kansa a wahala.

Wani madanni ya lalace. Zan iya gyarawa da kaina?

Yawancin ƙananan matsaloli, i. Kowace fuska sukuru shida ne ke riƙe da ita. Buɗe fuska ɗaya kawai a lokaci guda, ka sassauta su ta tsallake-tsallake, ka jera su yadda kowane zai koma raminsa. Sa alama da fensir don ka san yadda faifan yake zaune.

Sautin da ke fita ba tare da an danna ba: sifirin ya karye ko matoshi ya ɓalle daga libarsa. Harshen da ya yi shiru farat ɗaya: ƙura ce ko gashi ya shiga tsakaninsa da gidansa, zura siririyar takarda mai tsabta a ƙarƙashinsa ka ja. Zuzu ko ƙarar ƙarfe: gidan harshen ya yi sako-sako a gurbinsa, tura shi ya zauna, in ya ƙi sai a sa siririn yankin takarda a gefen, ta ƙarshensa, ba ta tsakiya ba, don kada ya matse harshen. Sauti mai jinkiri ko mai gurnani: marfin fatar da ke kusa ya lanƙwashe ko ya bushe. Sauti biyu na fita tare: iska na tsallakawa daga ɗaki zuwa ɗaki, ko faifan ya bauɗe ko ƙananan katakan da ke tallafe shi sun saki.

Abubuwa uku da ba a yi. Ba a sa mai a ko'ina. Ba a taɓa harshen ƙarfe da yatsa, gumi tsatsa ne. Ba a amfani da gam mai kamawa nan take, domin mai gyara na gaba sai ya fasa katako kafin ya cire. Wajen rufewa, ɗaure sukurun har su zauna kawai, tsofaffin siraran tagulla ne, suna tsinkewa.

Saita murya kuwa a bar wa gwani. Goga magagari kusa da bakin harshe yana ɗaga sauti, kusa da gindinsa yana saukar da shi, kuma ƙarfen da aka goge ba ya dawowa.

Zafi da hunturu za su cutar da ita?

Sosai. An ƙera ta ne don ƙasashe masu laima, ta fi son danshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. A tsakiyar hunturu a Kano ko Damagaram danshin yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Katako ya tsuke, gidajen harsuna su saki, faifai ya tsage, ƙura kuma ta shiga da kowane ja. Ajiye ta cikin akwatinta a rufe, da ɗan abin riƙe danshi irin na masu jita, amma kada ruwa ya taɓa ta. Da damina matsalar ta juye zuwa tsatsa da funfuna, sai a sa ƙullin nan mai shanye laima, a kuma riƙa fito da ita ana kaɗawa. Mota da aka ajiye a rana tana narkar da kakin da ke riƙe harsunan akodiyon.

A ajiye ta a kwance, zugazugi a rufe ruf. Tsofaffin akwatuna masu kusurwa shida a tsaye suke ajiye ta, wannan kuwa yana sa marafan fata su rataya har su lanƙwashe. In irinsa gare ka, kwantar da akwatin.

Wa zan saurara don in gane daɗinta?

A Ailan, gundumar Clare ce gidanta. A can ta daɗe tana hannun mata, suna kaɗa wa masu rawa a ɗakin girki, kafin dokar gidajen rawa ta 1935 ta raunana wannan al'ada. Elizabeth Crotty ta Kilrush, wadda ta rasu a 1960, ita ce muryar wancan zamani: ba ado da yawa, bugu ne tsantsa. Saurare ta, sannan ka saurari Noel Hill, za ka ji tazarar da aka yi. Mary MacNamara tana tafiya a natse irin na gabashin Clare, Chris Droney kuwa kiɗansa na masu rawa ne. Cormac Begley na Kerry yana kaɗa manya masu ƙasan murya, har numfashin zugazugi da ƙarar madannai ya mayar da su cikin kiɗan.

A Ingila, William Kimber na Headington kusa da Oxford. Ganin da Cecil Sharp, mai tattara waƙoƙin gargajiya, ya yi masa yana kaɗa wa masu rawar gargajiya ta morris ranar 26 ga Disamba 1899 shi ya buɗe aikin tattara raye-rayen gargajiyar ƙasar. John Kirkpatrick ya nuna iyakar abin da Anglo za ta iya da rakiya, Alistair Anderson kuma ya yi haka da samfurin Ingila a kiɗan Northumberland da ke arewacin Ingila.

Abin da za ka sa wa kunne shi ne zugazugi. Gudun yatsa kowa na iya koya. Ka ji inda makaɗi ke ƙara matsi don ya ɗaga bugu, da ɗan shirun da yake bari tsakanin sauti da sauti. Yawancin kiɗan rawar nan kashi biyu ne, kowane ana maimaita shi sau biyu, sannan a sake zagayowa, saboda haka kana da damar jin abin da ya canza a zagaye na biyu.

Ana kaɗa ta a Afirka?

A Afirka ta Kudu ta yi saiwa biyu. Ita ce kan gaba a boeremusiek, kiɗan rawar Afrikana, wato Turawan ƙasar masu asali da Holan. Sannan ma'aikatan ma'adinai, Zulu da Sotho da Xhosa, sun ɗauki mai arahar nan mai madanni 20 suka sauya jerin sautukanta don ya dace da waƙoƙinsu, har masana'antar Italiya ta koma ƙera musu ita a haka. Ana jin ta a kiɗan maskanda na Zulu. Wannan yana da amfani ga mai saye: konsatinar da aka ƙera don kasuwar can ba za ta bi darussan Ailan ba, ko da a ido iri ɗaya ce.

Ina ake koyo, kuma yaushe zan iya zama cikin makaɗa?

Makarantar bazara ta Willie Clancy a Miltown Malbay ta gundumar Clare, wadda ake yi kowane Yuli tun 1973, tana da azuzuwan konsatina na mako guda. Ƙungiyar Comhaltas mai raya kiɗan gargajiyar Ailan, da aka kafa a 1951, tana da rassa a ƙasashe da dama. Wanda ke nesa zai samu malamai da ke koyarwa ta bidiyo, kuma gidan adana kiɗan gargajiyar Ailan da ke Dublin ya sa tsofaffin faya-fayai da yawa a intanet kyauta. Koyi da kunne tukuna, rubutu ya zama abin tuni.

Zaman makaɗa yana da ladabinsa. Ka fara zuwa ka saurara. Kada ka zauna a kujerar da ke cikin da'ira sai an nuna maka. Kiɗan da ba ka sani ba, ɗora konsatinar a cinya ka bar ta, domin muryarta na ratsa ɗaki, laluben da kake yi a hankali kowa na jin sa, musamman wanda ke gefenka, tunda sautin ta fuskokin biyu yake fita. In an ce ka fara wani, fara shi da saurin da za ka iya kai shi ƙarshe. Kiɗa goma da ka riƙe da kyau sun isa zaman farko.